Kafin Wani Ya Sake Dogara da Takardar Masu Gyaranku

Zuwa ga Alhaji, Shugaban ƙungiyarmu ta zumunta da ke Bronx, da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina roƙon Allah Ya ƙara muku girma da haƙurin jagoranci.

Sunana Saudatu, 'yar Funtuwa, wadda kuka fi sani da Maman Hanifa. Shekara goma sha shida ke nan ina cikin ƙungiyar nan, kuma duk taron salla da kuka ci waina, hannuna na ciki. Na rubuto a fili ne saboda sau biyu na kawo maganar nan da baki, ba ta je ko'ina ba. Ku yi haƙuri da tsawonta, sai na faro daga tushe.

Tun ina sabuwar zuwa ƙasar nan nake aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Bas ɗin da nake hawa zuwa aiki yana bi ta wani layi a Soundview, inda ƙananan gidajen jan bulo suke jere, kowanne da 'yar baranda da matakala huɗu. Nakan zauna gefen taga in zaɓi ɗaya, in shiga cikinsa da ido. In shimfiɗa darduma a falo, in ɗora tukunya, in kawo mahaifiyata daga gida in zaunar da ita inda rana ke shigowa. Kafin bas ya sha kwana har na aurar da Hanifa a bayan gidan, alhali a lokacin goye take. Wata rana gidan mai koriyar ƙofa nake zaɓa, wata rana mai itacen ɓaure a gefe. Haka na yi shekaru ina tarewa a gidajen mutane ba su sani ba.

Mu kuwa muna hawa na biyar a Morris Heights, ni da maigidana Habibu, wanda ke tuƙin tasi, da 'yarmu. Na'urar hawa benen tana aiki ne ranar da ta ga dama. Inna, mahaifiyata, tana fama da gwiwa, don haka ko da takardunta suka fito, ban ga inda zan ajiye ta ba. Ita ce dalilin da ya sa muka dage.

Bara da bazara Allah Ya nufa muka samu gida a wannan layin dai, na huɗu daga kwana. Tsoho ne, amma yana da ɗaki a ƙasa wanda ba sai an hau bene ba. Ranar da aka fara buɗe mana shi na tsaya a tsakiyar falon, ba kujera ba labule, sai hasken yamma kwance a kan katako, na ji kamar na taɓa kwana a wurin. Sufeton da ya duba ginin ya ce jikin gidan lafiya yake, amma ya ja layi a ƙarƙashin abu biyu. Ya ce kafin mu sa hannu mu nemo mai lasin ya duba boila, wato tukunyar da ke ɗumama gida a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, da bututun hayaƙinta, sannan mai lasin wutar lantarki ya duba wayarin gidan, domin ya tsufa.

Alhaji, a garin nan wa na sani? Idan ka buɗe waya, sunaye ɗari za su fito maka, kowanne yana yabon kansa, ba ka san na gari ba. Sai na tuna da takardar masu gyara da ƙungiya ke rabawa, mai hatimi a sama, wadda aka rubuta a kanta cewa waɗannan 'yan uwa ne amintattu. Zuciyata ta kwanta. Na ce na gida ai ba zai cuce ni ba. Daga nan ƙorafina ya fara, kuma kashi huɗu ne.

Na farko. Mutumin da ke lamba ta uku a takardar, wanda ba zan kama sunansa a nan ba domin kun san shi, an rubuta a gabansa cewa yana aikin ɗumama gida da na wuta duka. Ya zo ranar Asabar, ya sauka ƙasa da tocilan, bai yi minti ashirin ba ya fito. Ya ce da ni, "Hajiya, wannan boilar sai ta binne mu duka. Bututun kawai zan canza miki, wayarin kuma ɗan ɗauri ne." Da maigidana ya tambaye shi lasin, ya yi dariya ya ce takarda ta Nasara ce, hannu shi ne aiki, kuma da bai cancanta ba da Alhaji bai sa shi a takarda ba. Da sunanka ya rufe mana baki. Muka sa hannu a kan gidan bisa maganarsa, ya zo ya yi aikin cikin kwana biyu.

Na biyu. Inna ta iso da sanyi ya fara shigowa. Kwanakin nan ba na jin zan manta su. Da safe ƙarafan ɗumi na jikin bango sukan yi ƙwanƙwasa a hankali, ita kuma ta ce kamar ana daka a maƙwabta. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka ta zauna da carbinta tana kallo har la'asar, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin abin da ke faɗowa daga sama ba sauti ba. Hanifa takan kwanta a ƙafarta, Inna na yi mata Hausa tana mayarwa da Turanci, kuma ko ta yaya suna fahimtar juna. Ni kuwa sai in laɓe a bakin kicin ina kallonsu, ina tsoron in yi motsi in farka.

Bayan kamar mako uku Inna ta fara kukan ciwon kai. Muka ce canjin iska ne. Ta riƙa yin barci da rana fiye da yadda ta saba, muka ce tsufa ne. Wata Lahadi bayan azahar wata 'yar na'ura da Hanifa ta sayo ta maƙala a bango, mai jin iskar guba, ta kama kuka. Ni har na ɗauko kujera zan cire mata batir, Hanifa ta riƙe hannuna ta ce mu fita waje yanzu. Muka je tada Inna, ta buɗe ido amma ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ni da maigidana muka cicciɓe ta zuwa baranda a cikin bargo. 'Yan kwana-kwana suka zo suka auna iskar gidan, suka rufe gas, suka ce bututun hayaƙin ba a haɗa shi daidai ba, gubar da ya kamata ta fita sama tana dawowa ciki, kuma ɗakin Inna ne a kan boilar. Iska ce marar wari, marar launi. Kwanan Inna biyu a asibiti da abin numfashi a hanci. Likita ya ce da mun ƙara yini ɗaya a haka, da wata maganar ake yi.

Na kira mai lamba ta uku daga asibitin. Ya ɗauka sau ɗaya, ya ce yana wata jiha, zai dawo ya leƙo. Har yau da nake rubutun nan bai leƙo ba, kuma ya daina ɗaukar wayata.

Na uku. Da Inna ta samu sauƙi na zo gidanka da kaina, ka karɓe ni da mutunci, ba zan ɓoye wannan ba. Ka yi mana jaje, ka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Da na nemi a cire sunan, ka ce mutumin yana da iyali, kuma a baƙon wuri rufa wa juna asiri ake yi. Na sake tada maganar a taron wata, sakatare ya ce ba ta cikin jadawali. A wannan taron ne wata baiwar Allah ta raɗa mini cewa mutumin surukin ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ne, kuma ba wanda ya taɓa neman ganin lasin ko mutum ɗaya a takardar. Idan ƙarya aka faɗa mini, ku fito ku ƙaryata, zan ba ku haƙuri a bainar jama'a. Ni ma na san rufin asiri, Alhaji. Amma asirin da za a rufa da numfashin tsohuwa, ban san shi a tarbiyyar da aka yi mana ba.

Na huɗu, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Mako biyar muka yi ba gas a gidan. Muka koma Morris Heights wurin tsohuwar maƙwabciyata Maman Fati, 'yar zangon Kumasi, wadda ta ba Inna gadonta ita ta koma kujera. Ita ce ta haɗa mu da Malam Isufu, mutumin Maraɗi, mai lasin aikin gas da ɗumama gida. Dattijo ne marar yawan magana. Kafin ya taɓa komai ya ciro katin lasinsa ya ajiye a kan tebur, ya nuna wa Hanifa yadda za ta tabbatar da lambar a shafin hukumar gari. Ya yini a ɗakin ƙasan. Ya ce wuta ba fanninsa ba ce, ba zai taɓa ta ba, ya kira abokinsa Baba Yakubu, shi ma mai lasin. Da Baba Yakubu ya buɗe akwatin wutar ya kira ni in gani da idona: wayoyi biyu an murɗe su an naɗe da salatif, robar jikinsu har ta fara narkewa. Suka nemo izinin hukuma, suka yi aikin, aka zo aka duba, sannan aka buɗe mana gas.

Ranar da suka gama na tambayi Malam Isufu dalilin da sunansa ba ya cikin takardarmu. Ya ɗan yi murmushi yana naɗe igiyar fitilarsa. Ya ce, "Na taɓa nema, Hajiya. An ce ta 'yan Nijeriya ce." Sahu ɗaya muke bi da mutumin nan ranar Juma'a, harshe ɗaya muke yi, tuwo ɗaya muke ci. Iyakar da muka baro a can, ban san wa ya ɗauko ta a jaka ya kawo Bronx ba.

Ban zo neman diyya ba, kuma ba na neman a tozarta kowa. Abin da nake roƙo kaɗan ne. A janye takardar nan yau, a sanar da jama'a a dandalin ƙungiya na waya cewa an janye ta da dalilin janyewar. Duk wanda za a sake sa wa suna, a ga lasinsa da inshorarsa, a rubuta lambar a gaban sunan domin kowa ya duba da kansa. A raba masu gas da masu wuta, kada a sake haɗa wa mutum ɗaya abin da ba nasa ba. A buɗe takardar ga duk mai sana'ar kirki, daga Maraɗi yake ko Kumasi ko Kano. Masu hannu a cikinmu da ba su da lasin, ƙungiya ta taimaka musu su yi karatun su samu, har da mai lamba ta uku in ya yarda, domin wannan ne rufin asirin da zai amfane shi. Sannan a kira Malam Isufu taro guda ya koya wa masu shirin sayen gida abin da za su tambaya kafin su sa hannu, ya kuma gaya wa kowa ya maƙala na'urar jin iskar guba a gidansa. Na tambaye shi, ya ce zai zo.

Inna ta warke, alhamdu lillahi, mun koma gidanmu, kuma ta ce in gaishe ka. Ba ta san na rubuta wannan ba, da ta hana ni.

Juma'ar da ta wuce, a ƙofar masallaci, wata yarinya ma'aikaciyar jinya mai tsohon ciki ta tare ni. Ta ce sun samu gida a Staten Island, wata mai kamawa za su sa hannu, kuma an ce mata ni na taɓa amfani da takardar ƙungiya, ko zan turo mata. Fuskarta cike da murna, tana ta ba ni labarin ɗakin da za ta yi wa jariri fenti. Na ba ta lambar Malam Isufu. Game da takardar kuwa, na ce ta dakata tukuna, na rubuta wa Alhaji, amsa na nan tafe. Ina roƙonka kada ka sa na yi mata ƙarya.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon yin adalci ko da a kan na kusa ne, Ya tsare gidajenmu da waɗanda ke barci a cikinsu, Ya sa mu gama da ƙasar nan lafiya.

Wassalam.

Taku a kullum,
Saudatu, Maman Hanifa,
Soundview, Bronx.