Sammacin Ginin Bawku

Salaga, 4 ga Yuli, 1988

Ƙanena Aruna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Bayan haka, jiya ɗan sanda ya same ni a rumfar doya, ya miƙo mini sammaci. Wai sito na hatsi da kamfanina yake ginawa a Bawku ya rufta, ya kashe lebura ɗaya. Na ce masa, ɗana, ni ko akurkin kaji ban taɓa ginawa ba. Sai ya nuna mini dangwalen yatsana a takardar kamfanin.

Nan na tuna ranar da ka zo da takardar Turanci, ka durƙusa, ka ce bai kamata ƙane ya sa sunansa a kamfani ba alhali wansa na raye. Har ƙwalla na yi don daɗi. Ka zo ka yi bayani.

Wanka, Sidiku

Yendi, 15 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi. Na dawo nan wurin mahaifiyarmu Mma da Yaya Ayishetu, Bawku ta yi zafi. Wallahi tsautsayi ne. Injiniya ya ce katakon da ke tallafe da rufin kankare sai ya yi kwana ashirin da ɗaya kafin a cire. Na sa aka cire a kwana tara, don ina bukatarsa a wani aikin a Garu. Kowa haka yake yi, ruwan sama ne ya cuce mu.

Kai dattijo ne, alƙali zai ji kunyar furfurarka. Ni in na shiga, an gama da ni. Ka je kawai, magana ce ta kwana biyu.

Ƙanenka mai biyayya, Aruna

Bawku, 9 ga Agusta

Aruna,

Na gaishe ka. Kwana biyunka sun zama sati uku. Na je na ga ginina, tunda nawa ne. Bulon da ka buga, na murza shi da yatsa ya koma yashi.

Sunan mamacin Issahaku. Matarsa Asiatu tana zama a bayana a kotu da goyo. Jiya ta ce, "Baba, kai ne mai kamfanin?" Na ce haka takarda ta ce. Ta ce, "To Allah ya san wanda ba takarda ba."

Lauya ya ce doka tana bin mai suna, sai dai in na faɗi wanda ya sa aka cire katako da inda yake. Ranar ashirin da biyu za a koma. Ka zo da ƙafarka, kada ka sa in nuna ka.

Sidiku

Yendi, 16 ga Agusta

Yaya Sidiku,

Ina gaisuwa. Aruna bai karanta wasiƙarka a gabanmu ba, ya sa ta a aljihu ya tafi Garu. Ƙafafun Mma sun kumbura, ba ta tashi. Ta ce in rubuta maka haka, ban ƙara komai ba: "Kai ne babba. Kada in ji autana a kurkuku da bakinka."

Na ce mata, to Yaya Sidiku fa? Ta juya fuska bango.

Ƙanwarka, Ayishetu

Bawku, 22 ga Agusta

Ayishetu,

Na gaishe ku. Shekara uku aka ba ni. Sau uku alƙali ya tambaye ni ko akwai wani, na ce babu. Asiatu ta tofa yawu a gabana, kuma ta yi daidai.

Ki ce wa Mma na ji maganarta. Ki sayar da doyar kafin ta ruɓe. Aruna kuwa, ranar da na mutu, kada a bari ya kama makarata.

Wassalam,
Sidiku