Maharazu Yana Tafiya a Ƙasa

Miga

Zuwa ga Zaituna, matar ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya yaran? Ɗan'inna direba ya ce ya ga Maharazu yana tafiya ofis a ƙasa, ya rame, riga tana yawo a jikinsa. Ya tsaya zai rage masa hanya, ya ƙi. Ina motar? In sayarwa kuka yi, ki gaya mini. Duk gidan sunan da na shiga sai an yi mini jaje, na gaji. Ga man shanu da kilishi, ki ɗura masa.

Yayarku, Ikilima.

Yalwawa, Dutse

Yaya Ikilima,

Wa'alaikumus salam, ina gaishe ki da girmamawa. Mota tana nan, lafiyarta ƙalau. Likita ne ya ce jininsa ya hau, kitse ya yi masa yawa, hanyoyin jinin zuciyarsa suna iya toshewa. Ya ce a rage mai da gishiri, a yawaita ganye da wake, ya riƙa tafiya kullum.

Yaya, wallahi na gaji! Da kyar na raba shi da tsiren yamma. In ya fita kuma, duk mai mota sai ya taka birki: "Alhaji, shigo mana!" Yanzu lungu yake bi kamar mara gaskiya. Ana cikin haka sai ga man shanunki. Na ɓoye shi a bayan buhun gero, na dawo daga unguwa na tarar da shi a tsugune da cokali. Ba ƙiba nake nema masa ba, so nake ya aurar da 'ya'yansa da kansa.

Likitan ya kuma tambaya ko akwai wanda ya taɓa rasuwa farat ɗaya a gidanku. Maharazu ya ce bai sani ba, yana goye Baba ya rasu.

Ki huta lafiya. Taki, Zaituna.

Miga

Zaituna,

Salam. Ki ce wa likita akwai. Baba yana zaune a shagonsa ya dafe ƙirji, kafin in kawo ruwa ya cika. Jibgegen mutum ne, kowa na cewa hutu ya karɓe shi. Bai kai shekarun Maharazu na yanzu ba.

Ki bayar da man. Ga zogale na shanya muku. Na ja wa Ɗan'inna kunne: in ya ga ƙanena a hanya, ya gaishe shi ya wuce.

Allah ya bar mana shi.

Ikilima.