Mai Agogo Bai Shigo Ba

Lahadi, 2 ga Maris

Zagayen safe. Shekara da shekaru ni ke jan sa a ƙungiyarmu ta masu rediyon sha'awa: in kira lambar kowa, ya amsa daga ɗakinsa, ya faɗi yadda yake ji na, in wuce. Yau layi ya yi kyau, har Direba da ke kan hanya na ji shi tas. Mai Agogo bai shigo ba. Na kira lambarsa, na saki makirifo, shuuu kawai.

Tun ranar taron nan ne, da aka kaɗa ƙuri'a kan a riƙa naɗar zagayenmu ana sawa a intanet. Shi ya ɗaga hannu, ni ban ɗaga ba, na kuma ce masa tsufa ya sa shi son a sani. In fushi yake yi, shi ya jiyo.

Talata, 4 ga Maris

Wayar eriya ta saki a gefen tankin ruwa, na hau na ɗaure. Maman yara ta ce ta yi ta kira na in sauko in ci abinci, na yi banza da ita. Aiki nake yi.

Alhamis, 6 ga Maris

Labaran wata sun fito a shafin ƙungiya. Gasa a watan gobe, jarrabawar lasisi ga sababbi, da dogon bayani kan yadda za ka saurari rediyon wata ƙasa ta kwamfuta ba tare da ka mallaki ko guntun waya ba. To mu da muka ƙone yatsu wajen haɗa rediyo fa?

Maman yara ta ce, "Ka buga masa waya mana, mutum ko ciwo yake yi." Ba ta gane ba. Ni da shi ba mu taɓa kiran juna a waya ba. Shi ne ma mai cewa waya ta wanda ba shi da eriya ce.

Lahadi, 9 ga Maris

Bai shigo ba. Ina wucewa lamba ta gaba sai Likitan Haƙori ya katse ni: "Baba, ko za ka sake kiran sa?" Doka ce, ba mai magana sai mai jan zagaye ya ba shi dama, kuma ya sani. Na tuna masa. Daga nan kowa ya riƙa amsawa a gajarce, kamar ana cire musu haƙori.

Laraba, 12 ga Maris

A shafin, ɓangaren saye da sayarwa: Mai Agogo ya sa rediyonsa a kasuwa. Har da hoto. Wanda muka haɗa tare a bayan shagonsa, ni ina riƙe da wayoyi shi yana liƙi da dalma, gilashin gyaran agogo manne a idonsa. Na gane tabon da ke gefen akwatin, ni na yi shi.

Kayansa ne dai.

Juma'a, 14 ga Maris

Sakatariyar ƙungiya ta zo gida da kanta, daga makaranta, alli a hannun rigarta. Ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar kowa har da kyanwa, sannan ta ce, "Baba, mutane fa suna magana." Wai ina share Mai Agogo da gangan. Na ce wa zan share, mutumin da ba ya zuwa? Ta ce, "Duk Lahadi yana amsawa, Baba. Duk muna jin sa."

Na ce yaran zamani, da zarar kun ji ƙarar iska sai ku ce murya ce. Ba ta yi musu ba. Ta ce naɗin kowane mako yana kan shafin, ta turo mini inda zan danna.

Asabar, 15 ga Maris

Ban danna ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Na aika musu cewa mura nake yi, Likita ya ja zagayen.

Da rana na buɗe naɗin makon jiya a falo. Ashe haka muryata take, kamar mai rabon gado. Na ji na kira lambarsa. Na ji shuuu. Na ce, yauwa, ga shi nan, ba komai.

Maman yara tana guga a bakin ƙofa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Wannan mai siririyar muryar da ke ta cewa yana nan fa?"

Na mayar baya, na ƙure ƙara. A allon akwai zane da ke motsi idan ana magana, kuma daidai wurin da nake jin shuuu, wani ɗan siririn layi yana rawa. Na ce ta faɗa mini abin da yake cewa. Ta ajiye dutsen guga ta matso. "Ina nan. Ina nan, ka ji ni?" Muka bi makonnin baya ɗaya bayan ɗaya, duk haka. A na makon jiyan, bayan na gama yi wa Likita faɗa, wai ya ce, "To, na gode."

Tun da aka yi masa aikin maƙogwaro muryarsa ta sirance, na sani. Rediyonsa kuma dama ba shi da ƙarfi, sai kyau.

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba.

Talata, 18 ga Maris

Auta ta kira, uwarta ta riga ta kai rahoto. Wai akwai asibitin kunne kusa da wurin aikinta. Na ce na ji. Ta ce, "Ka tabbata, Baba?" ta kama dariya. Ba ta da kunya.

Alhamis, 20 ga Maris

Na tsaya a kicin har butar shayi ta tafasa. Tururi na fita ta bakin usur ɗin, ina kallo. Da, daga ɗakin rediyo nake jin ta.

Tallan rediyonsa yana nan. Mutum biyu sun tambaya a ƙasa ko an sayar.

Lahadi, 23 ga Maris

Na ja zagayen. Na ce wa Maman yara ta kawo kujera ta zauna kusa da lasifika, ta zo da kayan ninki tana mita. Na iso lambarsa. Na kira, na saki makirifo. Shuuu. Na dube ta, ta girgiza kai. Na sake kira. Ban taɓa kiran kowa sau biyu ba.

Can sai ta daina ninki, ta taɓa mini gwiwa.

Na danna makirifo na ce, "Na ji ka." Sai na tuna ana naɗa, kuma ƙarya ce. Na sake dannawa. "A'a, ban ji ka ba. An dai ce mini kana nan. Na daɗe ba na jin ka, mutumina, kunnen ne. Ka yi magana, akwai mai faɗa mini."

Ya daɗe yana magana. Ta saurara, ta rufe baki da rigar da ke hannunta. Na ce me ya ce? Ta ce rabinsa zagi ne, ba za ta maimaita ba. Sauran rabin, wai eriyata ta karkace, daga titi ma ana gani. Ashe yana bi ta layinmu.

Litinin, 24 ga Maris

Ya cire tallan. A wurin ya sa wani: ana neman na'urar ƙara ƙarfin murya, ko tsohuwa ce.

Ina da ɗaya a ƙarƙashin tebur, ba abin da take yi sai tare wuri. Gobe Auta za ta kai ni wajen masu kunnen nan, don dai ta bar ni in huta. Shagonsa a kan hanya yake.