Hauwa'u da Mai Hular Ƙarfe

Yaya Umaru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina sanyin Jos? Ya jikin maiɗakinka, ya yara? Mu nan Birnin Kebbi sai godiya.

Ka tuna na'urar gem, ta wasan talabijin, da na sayo da gumina, kunka ce na bar gyaran rediyo na koma wasan yara? To, akwai wani jarumi a ciki mai hular ƙarfe, ba a ganin fuskarshi. Samarin shagona sunka hana ɗiyarka Hauwa'u taɓawa, wai jarumin namiji ne, wasan ba na mata ba ne. Ta same ni tana kuka. Na ce musu, "Wa ya cire hular ya gani? Duk wanda ya riƙe abin dannawa, shi ne a ciki."

Ran Alhamis da babu Islamiyya, na zaunar da ita bencin gaba. Dodon ƙarshe na wasan da ya gagare su wata biyu, har da wani ɗan Argungu mai cika baki, ta kayar da shi kafin la'asar! Yanzu in jarumin ya fito, su da bakinsu ke cewa, "Ga Hauwa'u nan."

A sa mu a addu'a, a gaida mutanen gida. Hauwa'u ta ce in ka zo hutu, kai ma ka shirya karawa da ita.

Ƙanenka,
Bello