Mabuɗin Akwatin Baba

Garin Janet, 4 ga Maris

Khamma,

Bayan gaisuwa, don dai ta zama dole. Ina gidan Baba, kuma ba yanzu zan dawo ba.

Shekara arba'in yana ratsa sahara da baƙi, bai taɓa cewa a zo a cece shi ba. Tafiya ɗaya da kai, ka danna na'urar neman agajin nan, jirgi mai saukar ungulu ya kwaso shi kamar tsohon buhu. Alhali da sauran ruwa jarka biyu! Yanzu babu mai ɗaukarsa jagora. A kasuwa har ana tambayarsa ko ya san hanyar gida. Me ya ci maka rai da ba za ka ƙara kwana ɗaya ba? Ka ba ni amsa, ban da kwana-kwana.

Matarka,
Tekna

Illizi, 11 ga Maris

Tekna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gaishe da Baba, in zai amsa.

Kin ƙirga jarkoki, ba ki ƙirga mutane ba. Mu bakwai ne. Kwana uku muna dawowa gindin dutse ɗaya, har sawun motarmu muke takawa. Ɗaya baƙuwar ma gumi ya daina fito mata. Ni da don kunya ba na sauke rawani in sha ruwa a gabansa, da wane bakin zan ce wa surukina ya ɓata?

Ni na danna, haka na faɗa wa jandarmomi masu bincike, haka za a ci gaba da faɗa. Amma ke kin san na'urar a akwatinsa take, mabuɗin kuma a wuyansa. Na gaji da zagi, wallahi. Gobe in zai zuba shayi, ki dubi hannunsa.

Mijinki,
Khamma

Janet, 19 ga Maris

Khamma,

Ina gaishe ka, wannan karon da gaske.

Na duba. Ya ɗaga buta sama yadda ya saba, shayin ya sauka gefen kofi, bai sani ba sai da ya ji ƙararsa a kan faranti. Idanun ne. Haushi ya kama ni, nasa da naka da na kaina. Na tambaye shi zancen mabuɗin. Ya ce, "Bayan sallar azahar na mance shi a kan dardumar mijinki. Yaron nan sai da ya kai la'asar kafin ya gane mantuwar."

Ranar Laraba zan kai shi asibitin ido, can Illizi. Ka zo tasha. Ya ce kai za ka riƙe masa hannu.

Tekna