Makarantar da Na Zaɓa wa Lydia

Kuyello, Birnin Gwari,
9 ga Yuli, 1978.

Zuwa ga Yaya Andrawus,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ku lafiya a Fatakwal, ya kuma kiyaye ka a aikin jirgin ƙasa. Mu nan lafiya lau. Damina ta zauna, masara ta kai ƙugu, ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma gona.

Maganar 'yarka Lydia ce. Ka rubuto cewa cikin sakandare biyun da suka ɗauke ta, a kai ta ta wajen Zariya, tunda tara cikin goma na ɗalibanta sun ci jarrabawar aji biyar bara, ta wajen Funtuwa kuwa shida kacal. Kafin in sa hannu na je ofishin ilimi a Birnin Gwari, ma'aikacin wurin, Malam Bakoji, ya buɗe mini takardu. Gaskiyarka, ta Zariya ta fi yawan yara, kuɗin da gwamnati ke kashe mata ma ya kusa ninka na ɗayar. Amma ya ce in duba yara nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kai ƙarshe. A ta Zariya ɗari biyu suka shiga, tamanin suka zauna jarrabawa, yawancin sauran an sallame su tun aji uku. A ɗayar ɗari suka shiga, casa'in da biyu suka kammala.

Yaya, shekara shida Lydia tana hannuna, a ajina ma ta zauna. Tana da naci, amma lissafi sai an bi ta a hankali. Na hau motar masara na je na ga ta Funtuwar da idona. Ɗakin kwanansu na yoyo, kayan kimiyya kaɗan ne, amma na tarar da shugabar da kanta tana maimaita wa 'yan aji biyu darasi a gindin mangwaro. Da na ba Lydia labari, ta ce ita tsoronta ɗaya ne, a dawo da ita gida da akwati a ka.

Ranar Litinin aka rufe karɓar takardu, na sa hannu a ta Funtuwa. In ranka ya ɓaci, da ni za ka yi, ba da yarinyar ba.

Ka gai da Yaya Naomi da su Enoch. Baba da Inna Azumi suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Susan.