Ba Na Danna "Na Amince" Sai Na Karanta

Malama mai wannan fili, ina neman taimakonki, kuma ki sani ban saba furta wannan kalma ba. Shekaruna saba'in da huɗu. Talatin da ɗaya daga cikinsu na yi su ne ina shugabancin makarantar sakandare, kuma tun rasuwar maigidana nake zaune ni kaɗai a gidana, ina girka abincina, ina fita harkokina ba tare da ɗan rakiya ba.

Duk wata ina zuwa asibiti ganin likitan zuciya. A da, ɗan kati ake miƙa wa mutum mai ɗauke da lambar layinsa. Yanzu sun sauya tsari. Sai ka haɗa wayarka da waifai, wato intanet ɗin ɗakin jira, shafi ya buɗe, ka rubuta lambar wayarka, ka danna "Na amince", sannan lambar layinka ta fito. A saman wannan madanni akwai sharuɗɗa, sakin layi goma sha tara, da rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa. Ni kuwa tun da nake ban taɓa sa hannu a takardar da ban karanta ba. Na sha korar malamai daga ofishina don sun kawo takarda suna nuna mini wurin sa hannu da yatsa. To, kafin in kai sakin layi na bakwai, shafin ya rufe kansa, wai lokacina ya ƙare, in sake daga farko. Ma'aikaciyar da ke teburin shiga ta gaya mini, cikin irin murmushin da ake yi wa 'yan aji ɗaya, cewa kowa dannawa kawai yake yi. Na sanar da ita cewa ni ba kowa ba ce. Na zauna har aka tashi, na dawo gida ban ga likita ba. Wata biyu ke nan a jere.

Babban ɗana ya ji labari daga bakin mai kantin magani, wanda ya ƙi ƙara mini ƙwayoyi babu sabuwar takardar likita. Bai tambaye ni dalili ba. Ya yanke hukunci cewa waya ta fi ƙarfina, kuma wadda waya ta fi ƙarfinta bai kamata ta zauna ita kaɗai ba. Har ya sa an yi wa ɗakin baƙinsa fenti. Ya ce idan na sake dawowa ban ga likita ba, zai aiko mota a kwashe kayana. Ni da na koya masa riƙe fensir!

Ba zan koma gidansa ba. Surukata mutuniyar kirki ce, amma ba zan zauna inda za a riƙa leƙowa ana tambayata ko na sha magani ba. Ba kuma zan miƙa wa wani wayata ya amince a madadina ba. Saura kwana tara in koma. Ki nuna mini hanyar da zan shiga layin nan ba tare da na karya ƙa'idata ba.

Tsohuwar Shugabar Makaranta

Ranki ya daɗe, Mama, ƙa'idarki daidai ce, kuma ba wayar ce ta gagare ki ba, lokacin da aka ɗiba wa shafin ne bai isa mai karatu ba. Sai dai ɗanki ma yana da gaskiyarsa. Mai ciwon zuciya ta yi wata biyu babu likita, maganinta ya ƙare, kuma a bakin wani ya ji. Tsoro ne ya sa shi sayen fenti, ba raini ba.

Kada ki jira ranar likita. Gobe ki je ɗakin jiran, ki tambayi ma'aikata ainihin sunan waifai ɗinsu, domin akan samu na bogi mai kama da shi. Idan shafin ya buɗe, ki ɗauki hoton sharuɗɗan kashi-kashi, ki koma gida ki karanta su a kujerarki, da tabarau da jan biro. In kin gamsu, ranar zuwanki dannawa ɗaya ta wadatar, kuma amincewar mai sani ce. Ki kuma duba saitin wayar, ki ba ta izinin haɗuwa da wannan waifai da kanta a gaba. In akwai sharaɗin da ba ki yarda da shi ba, ki nemi a rubuta miki lambar layi da hannu, ki kuma aika wa hukumar asibitin wasiƙa su tsawaita lokacin shafin. Na tabbata ba ke kaɗai yake kora ba.

Abu ɗaya zan roƙe ki. Ki kira ɗanki yau ki faɗa masa ainihin abin da ya faru, domin har yanzu hasashe yake yi. Ki kuma yi masa alkawarin ba za ki sake barin magani ya yanke ba, ko da shafin ya ci tura. Ranar likita ki tafi ke kaɗai, in kin fito ki aika masa hoton sabuwar takardar maganinki. Allah ya ƙara miki lafiya, ya bar ki a gidanki.